Doka na Abuja, Yaro na Cikin Ɗaki: Masu Raka Iyalan Naƙasassu Neman Haƙƙi

Akwai doka a Nijeriya da ta ce idan gurgu ko makaho ya iske layi a banki ko a asibiti, shi za a fara sallama. Ta ce karatunsa kyauta ne har ya gama sakandare. Ta ce mai larurar ƙwaƙwalwa ba zai biya kuɗin magani a asibitin gwamnati ba, kuma asibitin gwamnati da ke duba kurma sai ya tanadi hanyar da za su fahimci juna da likita. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsu ga masu naƙasa. Wanda ya nuna wa mutum wariya saboda naƙasarsa, tarar naira 100,000 ce a kansa, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. In kamfani ne, naira miliyan 1. Duk wannan a rubuce yake tun watan Janairun 2019. Amma a je sashen gashin ƙashi na kowane babban asibiti a Arewa da sassafe, a tambayi matan da ke zaune a kan benci da yara 'yan shekara biyar ko shida a goye, da wuya a sami wadda labarin dokar ya taɓa isa kunnenta.

Tsakanin takardar da ke Abuja da yaron da ke kwance a cikin ɗaki akwai tafiya mai nisa, kuma iyali ba su cika iya yin ta su kaɗai ba. Masu raka su a wannan tafiya ba su da kaki, mafi yawansu ma ba su da albashi. Wani malamin makarantar kurame ne, wata uwa ce da ta riga ta sha wahalar da nata ɗan, wani sakataren ƙungiyar makafi ne a ƙaramar hukuma, wani lauya ne mai aikin sa kai. Abin da ya haɗa su shi ne sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, da takardar da za a tambaya, da abin da za a ce idan ma'aikaci ya ɗaga kai ya ce, "Oga ba ya nan, ku dawo wani satin."

Ita kanta dokar ba a sami ta a ɓagas ba. Gwamnatin soja ta fitar da wata doka kan naƙasassu a 1993, ta mutu a aljihun tebur. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin a 2011, ta sake zartarwa a 2015, sau biyun Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. A watan Janairun 2019, ana gab da zaɓe, aka tambayi Shugaba Muhammadu Buhari a wani shirin talbijin ko ina aka kwana, ya ce ƙudurin bai iso gabansa ba. Masu naƙasa suka fito zanga-zanga a Abuja, wasu a keke, wasu da sanda, kuma ba a yi mako guda ba aka sanar da cewa ya rattaba hannu. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, aka ba James Lalu, wani kurma ɗan jihar Filato, muƙamin babban sakatare. A 2024 Ayuba Gufwan ya gaje shi, mutumin da shan inna ya kama tun yana yaro, wanda ya yi shekaru yana ƙera kekunan guragu a Jos yana rabawa kyauta.

Dokar ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu yadda keke zai wuce. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk mai zuwa sakatariyar ƙaramar hukumarsu ya san yawan matakalar da har yanzu ke bakin ƙofa.

Mutanen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana rayuwa da naƙasa mai tasiri. Ƙidayar 2006 ta lissafa sama da mutum miliyan 3 a Nijeriya, adadin da ƙungiyoyin masu naƙasa suka daɗe suna cewa ya yi kaɗan ainun, don a gidaje da yawa idan malamin ƙidaya ya yi sallama ba a ambaton yaron da ke ƙuryar ɗaki. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya gano cewa kusan kashi 7 cikin 100 na 'yan shekara 5 zuwa sama suna da wata matsala ta gani, ji, magana, tafiya, tunani ko kula da kai.

Matakin farko: a san mene ne

Kafin a kai ga maganar ofis da takarda, iyali na buƙatar wanda zai gaya musu gaskiyar abin da ke damun ɗansu, kuma a nan ne ake yin asarar da ta fi kowace ciwo, asarar lokaci. Yaro ya kai wata tara wuyansa bai tsaya ba, ya shekara biyu bai zauna ba. Kaka ta ce lalaci ne, irin na babansa. Maƙwabciya ta ce iska ce. Wani ya rage murya ya ce ɗan ruwa ne. Sai a fara zagaye: rubutu, turare, tsaga, wannan gari da wancan, akuya ta tafi, kayan ɗaki su bi ta. Kafin a isa gaban likitan yara an yi shekara uku ko huɗu, gaɓoɓin yaron sun riga sun ƙage.

Alhali da yawa daga cikin irin waɗannan yara, abin da ya same su sananne ne. Doguwar naƙuda ce ta hana ƙwaƙwalwa iska a lokacin haihuwa, ko ciwon shawara ya yi tsanani a makon farko, idanu suka yi rawaya aka tsaya shanya jariri a hantsi maimakon a kai shi a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti. Wasu sanƙarau ne ya bar su da kurumta, wasu zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. A wasu ƙauyukan Zamfara, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai masu ɗauke da tabonta a ƙwaƙwalwa har yau.

Mai rakiya na ƙwarai ba ya yi wa iyaye gori kan inda suka je a baya. Yakan ce, "Maman yaro, addu'a ba a daina ta, amma gobe mu je a duba shi." Sannan ya san inda za a nufa, wanda shi ne rabin aikin. Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe zuwa ciki, idan aka kai shi asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, ana miƙar da ƙafar da filasta da ake canzawa mako-mako na 'yan makonni, sai ɗan ƙaramin aiki a jijiyar dunduniya, sai takalmi mai ƙarfe da zai riƙa kwana da shi har ya kai wajen shekara huɗu. Yaron zai yi gudu kamar kowa. In aka bari ya girma yana taka gefen ƙafa, sai babbar tiyata, kuma sakamakon ba ya kai na farko. Mai matsalar ido akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Yanar ido a jariri ana cire ta, amma idan aka makara ƙwaƙwalwa ba ta koyon gani yadda ya kamata. Mai matsalar ji akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, ita ma a Kaduna. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Yaran da ciwon noma ya ci musu fuska, akwai asibiti na musamman dominsu a Sakkwato da ke yin gyaran kyauta. Iyalan da ke hayin iyaka kuwa, a Yamai akwai asibitin CURE da ke yi wa yara tiyatar ƙashi tun 2010, sannan ga cibiyar Danja kusa da Maraɗi da ta daɗe tana kula da kutare.

Farfaɗiya ta cancanci a tsaya a kanta, domin babu larurar da jahilci ya fi zalunta kamarta. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace suna sha a kan kari, kuma wasu daga cikin magungunan masu araha ne. Duk da haka ana cire yara daga makaranta saboda ita, ana fasa aure saboda ita. Sau da yawa abin da ke mai da yarinya aji shi ne mutum ɗaya da zai ɗauki takardar likita ya je ya zauna da hedimasta ya yi masa bayani, ya nuna wa malamai yadda ake kwantar da ita a gefe ɗaya idan abin ya zo, ba tare da an cusa mata cokali a baki ba.

Takardu

Ofis ba ya ganin yaro, takardarsa yake gani. Wannan abin takaici ne, amma haka tsarin yake, kuma masu rakiya da suka goge sukan fara ne da sa iyaye su sayi jakar roba guda su riƙa tara komai a ciki. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, lambar shaidar ɗan ƙasa ta yaron da ta uwa ko uba, katin asibiti, hotunan fasfo, da rahoton likita mai hatimin asibitin gwamnati wanda ya bayyana larurar da abin da yaron ke buƙata. Rahoton nan shi ne uwa uba. Dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar naƙasa iri biyu, ta dindindin da ta wucin gadi, kuma dukkansu a kan bayanin likita suke tsayawa. Makaranta za ta tambaye shi, hukumar jarrabawa za ta tambaye shi, haka ma kotu. Ba a miƙa na asali. A yi hoto a miƙa kwafi.

Sai kuma al'adar rubuta koke. Bahaushe ya saba ya je da kansa, ya gaisa, ya faɗi damuwarsa da baki, a ce masa "Allah ya kawo sauƙi, za a duba," ya yi godiya ya tafi. A ofishin gwamnati maganar baki ba ta da fayil. Mai rakiya zai zauna da uban yaro su rubuta takarda gajera: ga sunan yaro, ga larurarsa, ga abin da ake nema, ga sashen dokar da ya ba shi. A yi kwafi biyu, a kai wajen karɓar wasiƙu, a sa ma'aikacin ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi gida. Wannan hatimin shi ne zai hana a ce wata rana ba a taɓa ganin takardar ba. In aka yi shiru, a sake rubuta ta tunatarwa a maƙala kwafin ta farko. Ƙungiyoyi kuma kan yi amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, don tambayar nawa aka ware wa masu naƙasa a kasafi da inda kuɗin ya shiga.

Akwai wani tarko da ke kama har masu ilimi. Makarantun firamare da sakandare da mafi yawan asibitoci a hannun jihohi suke, saboda haka dokar tarayya ba ta cika yin kaifi a kansu ba sai jiha ta yi tata. Filato ta riga kowa, tun 2005, kuma tana da hukumar kare haƙƙin masu naƙasa. Bauchi ta bi a 2010, Legas a 2011, Kaduna a 2021. Kano da Jigawa ma suna da nasu dokokin. Mai neman a karɓi ɗansa a makarantar firamare ta unguwa, dokar jiharsa da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ne makaminsa na kusa, kuma tafiya Abuja ba za ta rage masa komai ba sai kuɗin mota.

Makaranta

Tarihin karatun masu naƙasa a Arewa ya fi yadda ake zato tsawo. Makarantar makafi ta Gindiri an buɗe ta tun 1953. Kano na da makarantar Tudun Maliki da ke koyar da kurame da makafi, Kaduna ma na da tata makarantar ta musamman, haka jihohi da dama. Kwalejin horar da malaman wannan fanni da ke Oyo tana aiki tun 1977, kuma jami'o'in Jos da Bayero suna yaye masu digiri a kansa. Sai dai makarantun 'yan ƙalilan ne, yawanci a babban birni, kuma uwa da ke ƙauye ba ta sakin jiki ta tura 'yarta kurma mai shekara bakwai makarantar kwana a garin da ba ta san kowa ba. Tsoronta yana da tushe, domin yarinyar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata ita ce mugaye suka fi nema.

Shi ya sa dokar 2019 ta ce makarantun gwamnati na kowa da kowa su zama masu karɓar kowane yaro, da aƙalla malami ɗaya da ya sami horo. A aikace, abin da ke faruwa ciniki ne tsakanin iyaye da shugaban makaranta, kuma a nan mai rakiya ke nuna amfaninsa. Ba rigima yake zuwa yi ba. Buƙatu ne ƙanana yake kawowa, waɗanda ba sa cin kuɗi: a sauko da ajin yaron mai keke ƙasa, a zuba siminti a bakin ƙofa, a zaunar da zabiya a layin gaba nesa da hasken taga, a bar ta ta sa hula da riga mai dogon hannu, a kuma ɗauke mata tsayuwa a rana lokacin taron safe, domin fatarta ba ta da kariya daga kansar da rana ke jawowa. Hedimastan da ya ce "ba mu da kayan aiki" yakan sauko idan aka nuna masa cewa abin da ake nema bai wuce sauya benci ba.

Maganar kurame kuwa tana da nata sarƙaƙiyar. Kuramen ƙasar Hausa suna da yarensu na asali, maganar hannu, wanda wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a 2000. A makarantu kuma ana koyar da wani yaren hannun da ya samo asali daga na Amurka, wanda ya shigo ta Ibadan a wajen 1960 ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka. Yaro kan dawo hutu da yaren da babu mai ji a gidansu. Ƙungiyoyin kurame sukan nace wa iyaye da 'yan'uwa su koyi ko da kaɗan ne, kuma suna da gaskiya: yaron da ba zai iya gaya wa mahaifiyarsa inda ke masa ciwo ba, babu dokar da za ta isa ta kare shi.

Idan yaro ya kai ga jarrabawar fita sakandare, akwai tanadin da makarantu da yawa ke mantawa. Hukumar WAEC tana buga takardun tambaya da rubutun makafi da kuma manyan haruffa, tana ba da ƙarin lokaci, amma sai an bayyana buƙatar tun lokacin rajista. Ranar jarrabawa an makara. Hukumar JAMB kuma, a ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta kafa wani kwamiti a 2017 wanda Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta, mai shirya wa makafi jarrabawarsu daban a wasu cibiyoyi, har da Kano. Ɗalibai da dama sun shiga jami'a ta wannan ƙofa. Wanda ba a gaya masa ba sai ya zauna a gida yana zaton makanta ta rufe masa hanya.

Kuɗi, da bambancin sadaka da haƙƙi

Al'ummar Hausa ba ta taɓa rasa tsarin kula da masu naƙasa ba. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, kowa da mutanensa da unguwarsa da hanyar sasanta rigima, har ma da alaƙa da fada. Addini ma ya ba da misali babba a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabi da ya yi ladanci, aka kuma bar masa riƙon Madina ba sau ɗaya ba. Amma a zamanance tsarin ya karkata ga bara, har ya zama idan aka ga yaro da naƙasa, abin da ke fara zuwa zuciyar wasu shi ne ƙoƙo. Dokar 2019 ta haramta amfani da mai naƙasa wajen bara, da tara ko ɗauri. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta hana bara a 2015, makafi da guragu sun fito sun yi bore, kuma tambayarsu mai nauyi ce: an hana wannan, me aka tanada a madadinsa?

An gwada amsoshi. Jigawa a zamanin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007, Sakkwato a zamanin Aliyu Wamakko ta yi makamancin haka. Hukumomin zakka da waƙafi na Sakkwato da Kano kan taimaka da kuɗin magani da kayan sana'a. Amma hanyar da ta fi ɗorewa, wadda kuma iyalai suka fi jahilta, ita ce inshorar lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga wani asusun kiwon lafiya a matakin farko, kuma dokar inshora ta 2022 ta sanya masu naƙasar jiki da ta ƙwaƙwalwa cikin rukunin masu rauni da gwamnati za ta biya wa. Rajistar tana bi ne ta hukumomin jihohi, irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, a asibitin mazaɓa. Guraben ba sa isa, ana buɗewa ana rufewa, kuma wanda ke da mai sanar da shi ranar da masu rajista za su zo shi ke shiga. Haka rajistar talakawa ta ƙasa take: a taron gari ake tantance gidaje, kuma gidan da ya ɓoye ɗansa ba ya shiga lissafi.

Su wane ne za a nema? Babbar lema ita ce JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa da aka kafa a 1992, mai rassa a kowace jiha, wadda ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu da kutare da masu raunin laka ke ƙarƙashinta. Gidauniyar zabiya da Jake Epelle ya kafa a 2006 ta yi fafutukar samar wa zabiya maganin kansar fata. A Jos, Grace Jerry da ƙungiyarta sun matsa har aka sanya tanadin masu naƙasa a harkar zaɓe. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada da 'yan'uwansa da shan inna ya taɓa sun kafa wurin ƙera kekuna, suka kuma shiga gida-gida suna roƙon iyaye su bari a ɗiga wa yara rigakafi, kuma da irin wannan aiki aka kai ga ayyana Nijeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. A manyan asibitocin koyarwa akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda ke da ikon neman ragi ko yafiya ga mara hali, kuma majinyata da yawa kan wuce ta gabansa ba su san aikinsa ba.

Idan lallashi ya ƙi, akwai mataki na gaba wanda ba ya cin ko kwabo. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da ke aiki tun 1975, da Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da aka kafa a 1976, duk suna da ofisoshi a jihohi. Wasiƙa ɗaya daga ɗayansu kan sa fayil ɗin da ya yi wata shida a kwance ya motsa. Rediyo ma makami ne, kuma shirye-shirye irin Inda Ranka na gidan rediyon Freedom a Kano sun sha sa hukuma ta amsa. Sai dai a yi hattara da shi da kuma Facebook. Hoton yaro tsirara da aka yaɗa don neman taimako ba ya gogewa, kuma yaron zai girma ya gan shi.

Ba duk mai cewa zai taimaka ne abin yarda ba. Akwai masu yawo da fom suna karɓar kuɗin rajistar tallafin da babu shi, akwai masu ɗaukar hoton yara su kai wa masu ba da agaji, kuɗin ya tsaya a aljihunsu. Akwai kuma wuraren da ake kai masu taɓin hankali a sa musu mari da sunan magani; samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, ya nuna abin da ke faruwa a bayan irin waɗannan katangu. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a yi musu magani cikin mutunci.

Akwai kuskuren da har masu kyakkyawar niyya ke yi, wato su mamaye maganar. Ɗan jagora yana riƙe sanda ne a gaba, amma makahon ne ke faɗin inda za a je. Budurwa kurma da aka kai gaban likita, ita za a kalla a yi wa tambaya, tafinta ya isar. Saurayi mai keke da aka raka ofishin ɗaukar aiki, shi zai yi magana da bakinsa. Mai rakiyar da ya yi shekara uku da iyali amma har yanzu uwar ba ta iya zuwa ofis ita kaɗai ta nemi abin ɗanta ba, bai gama aikinsa ba.

Uwar kuwa ita ce ke ɗauke da mafi nauyin kayan. Ita ake zargi da cewa daga danginta abin ya fito, ita ke daina zuwa biki da suna, wani lokaci ita ake saki a bar ta da yaron. Shi ya sa ƙananan ƙungiyoyin iyaye da ke tasowa a harabar asibiti, suna ci gaba da zumunci ta WhatsApp, suke da daraja fiye da girmansu. A nan ake sanin wane kafinta ne ya iya ƙera kujerar da ke tallafe yaron da ba ya zama, yadda ake ba shi kunu ba tare da ya ƙware ba, da ranar da za a raba keke. Mazan da ke zuwa irin wannan zama ba su da yawa, alhali sa hannun uba ake nema a takardu da dama, kuma maganarsa ta fi saurin shiga a gaban mai unguwa ko kansila.

Tambayar da iyaye suka fi jin nauyin furtawa ita ce wa zai riƙe yaron bayan ransu. Ita ma aikin mai rakiya ce, kuma tun da sauran ƙarfi ake yin ta. A shari'ar Musulunci naƙasa ba ta rage wa magaji ko ƙwayar gero daga rabonsa, kuma wanda ba zai iya juya dukiyarsa ba ana naɗa masa waliyyi mai amana da zai kula da ita don amfaninsa. Abin da ke faruwa a wasu gidaje shi ne 'yan'uwa su haɗe gonar da sunan su ke ciyar da shi. Iyayen da suka yi shawara da malami da lauya kan zaɓi wanda zai riƙe yaron tun suna raye, su faɗa a gaban shaidu a rubuta, su buɗe masa asusun banki da sunansa, wasu kuma su mallaka masa shago ko ɗakin haya a matsayin kyauta, da takarda, su damƙa kwafi ga mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba.